Sa hannunka amana ne: yadda ɗalibin injiniya zai horar da kansa tun daga aji har filin aiki

An ɗora dunƙulen kankare mai faɗin milimita 150 a kan injin matsa, ana jiran ƙarfinsa ya kai 25 a ma'aunin ƙarfin kankare, sai ya fashe a 17. Ku shida ne a rukunin, gobe da safe za a miƙa rahoto, sai wani ya ce a rubuta 24 da 'yan ɗigo a wuce wurin, ai babu mai dubawa. Abin da hannunka ya rubuta a wannan minti shi ne jarrabawarka ta farko a ɗa'ar aikin injiniya. Ko kana karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, ko ta Tatari Ali, ko ta Kaltungo, irin wannan minti zai zo maka, kuma zai ci gaba da dawowa har ranar da ka ajiye aiki. Bambancin kawai, a makaranta maki ne ke kan layi, a filin aiki kuwa rayukan mutane ne.

Rubuta 17 ɗin. Sannan ka zauna ka nemo dalili, domin nan ne ilimin yake. Wataƙila ruwa ya yi yawa a kwaɓin. Wataƙila ba a daddage kankaren da kyau a cikin mazubi ba, iska ta maƙale a ciki. Ko kuma an bar dunƙulen a kan benci maimakon cikin tankin ruwa, ko yashin na ɗauke da laka, ko ba a daidaita zamansa a kan injin ba. Rahoton da ya ce "mun samu 17, ga abin da muke zargi, ga yadda za a gwada" ya fi na 24 ɗin ƙarya daraja nesa ba kusa ba, kuma malamin da ya san aikinsa yana gane lambobin da aka ƙirƙira, don sukan yi kyau fiye da kima.

Littafin da ba a yage masa shafi

Ka sayi littafi mai ɗinki, ka sa wa shafukansa lamba tun daga na farko. Da biro za ka riƙa rubutu, ban da fensir. Duk awon da ka yi, ka sa kwanan wata, da sunan na'urar, da waɗanda kuka yi tare. Idan ka yi kuskure, ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta daidai a gefe, ka sa haruffan sunanka. Kada ka goge, kada ka yage. Wannan ɗabi'a ita ce za ta rikiɗe ta zama littafin filin aiki nan gaba, kuma ranar da wani abu ya faru aka kira kowa ya yi bayani, wanda ke da rubutu shi ke da bakin magana.

Maganar satar amsa ba sai mun ja ta ba, kowa ya san hukuncinta, har doka aka yi a kanta a 1999. Abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne asarar da ke biyo baya. Wanda ya kwafi lissafin ƙarfin ginshiƙi a aji uku bai tsira ba, bashi ya ci, kuma ranar biya tana zuwa ne a lokacin da birkila ya tsaya a gabansa yana jiran ya ce rodi nawa za a sa. Haka aikin bincike na shekarar ƙarshe. Kada ka saya, kada ka ɗauko na wata jami'a ka canja masa suna. Idan ka ɗauki zane ko lissafi ko jimla daga wani, faɗi inda ka ɗauko. Idan manhajar kwamfuta ce ta yi maka lissafi, ɗauki aƙalla ginshiƙi ɗaya ko layin waya ɗaya ka sake lissafa shi da hannu, ka ga ko sun yi kusa. Manhaja ba ta sa hannu, kai ne za ka sa. A aikin rukuni kuma, sunan wanda bai taɓa aikin ba kada ya hau takarda don kara ko abota. Gara ku ba shi wani sashe ya yi ko da ƙarami ne.

Wata shida na koyon aiki

Shirin SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta ɓullo da shi a 1973, shi ne karo na farko da ɗalibi ke ganin aiki ido da ido, galibi a zango na biyu na aji huɗu. Wasu sukan samu gurbi a ma'aikatar ayyuka, wasu a hukumar ruwa inda ake tace ruwan madatsar Gubi, wasu a masana'antar siminti ta Ashaka, wasu a tashar lantarki ta Dadin Kowa, wasu wajen ƙananan 'yan kwangila. Ko ina ne, ƙa'idar ɗaya ce: littafin horo a cike shi kullum da abin da aka yi a ranar. Ranar da ba a yi komai ba, rubuta cewa ba a yi aiki ba saboda ruwan sama ko rashin kaya. Zama a ɗaki a cike shafukan wata shida cikin dare biyu, sannan a nemi wani ya buga hatimi, shi ne ainihin abin da ake yi idan aka biya kuɗin aikin da ba a yi ba, girman ne kawai ya bambanta.

To idan kana ɗalibi ka ga ana yin ba daidai ba fa? Ba ka da ikon tsayar da aiki, kuma yin hayaniya a gaban leburori ba ya gyara komai. Ka fara da tambaya, a keɓe, cikin ladabi: "Injiniya, na ga a zane an sa rodi mai 16, amma wanda ake ɗaurawa kamar mai 12 ne. Ko an canja zanen ne ban sani ba?" Sau da yawa akwai dalilin da ba ka sani ba, sai ka ƙaru. Idan babu gamsasshiyar amsa, rubuta abin da ka gani a littafinka da kwanan wata, ka sanar da malamin da ke duba ka daga makaranta. Abu ɗaya ne ba a jira a kansa: idan ka ga rai na cikin haɗari nan take, kamar rami na shirin ruftawa kan mutum ko wani zai taɓa waya mai wuta, ɗaga murya, ladabi ya biyo baya.

Lambobin da ya kamata su zauna a kanka

Nan za mu daɗe, domin gaskiyar da ba ta san lamba ba, yaudararta ba wuya. Mutum na iya zama mai tsoron Allah amma a zagaye shi a gaban idonsa idan bai san abin da zai auna ba.

Fara da kwaɓi. Buhun siminti kilo 50 ne, kusan kwanon sarki biyu. Kwaɓin da aka saba yi wa ƙananan gine-gine, 1:2:4, yana nufin buhu ɗaya, kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa. Inda ake cuta shi ne a ƙara yashi da tsakuwa a hankali, ko a riƙa awo da baro ana tsiri, har buhu ɗaya ya ɗauki aikin buhu ɗaya da rabi. Tsaya a bakin injin kwaɓi ka ƙirga da kanka, ba sau ɗaya da safe ba, har da bayan azahar lokacin da kowa ya gaji. Ruwa kuma kusan lita 25 ne ga buhu, a rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. Leburori na son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗauka da zubawa, kuma uzurinsu abin fahimta ne ga wanda ya taɓa hawa tsani da kwano a ka. Sai dai ruwan da ya yi yawa idan ya ƙafe yana barin ƙananan ramuka a cikin kankare, ƙarfi ya ragu. Gwajin zubewa minti biyar yake ci: mazurari mai tsayin milimita 300, a cika shi hawa uku, kowane hawa a soka sanda sau 25, a ɗaga a auna yadda kwaɓin ya sauka, a gwada da abin da takardar aikin ta ce. A kowace babbar zuba a ɗebi dunƙule a ajiye cikin ruwa, a fasa wasu a kwana 7, wasu a kwana 28. Na kwana 7 yakan ba da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe, don haka shi ne gargaɗinka na farko kafin a ɗora wani hawa a kai.

Yashi ma a gwada shi. Zuba shi a kwalba zuwa rabi, ƙara ruwa da ɗan gishiri, girgiza sosai, ka ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a sama. Idan kaurinta ya doshi kashi ɗaya cikin goma na yashin, a wanke shi ko a canja tifa.

Sai rodi, inda aka fi yin ɓarnar da ba a gani, tunda kankare na rufe ta. Mai milimita 16 faɗin bakinsa murabba'in milimita 201 ne, mai 12 kuwa 113. Wato wanda ya cire mai 16 ya sa mai 12 ya zubar da kusan kashi 44 cikin ɗari na ƙarfen da lissafi ya nema, alhali a ido bambancin ɗan kaɗan ne. Akwai kuma rodin da ake sayarwa da sunan 12 amma bai cika ba. Hanyar kama shi mai sauƙi ce: yanko mita ɗaya ka ɗora a sikeli. Mai 12 na gaskiya kusan giram 890 ne, mai 16 kuwa kilo 1.58. Idan ya gaza sosai, a mayar wa mai shago, kuma a babban aiki a kai samfur a ja shi a injin gwaji. Kafin a zuba, duba tazarar da ke tsakanin rodi da katakon da za a zuba kankaren a ciki. A ginshiƙi da bim (ginshiƙin kankare na kwance) ana barin aƙalla milimita 25, a tushe kuma 50 ko fiye, da 'yan dunƙulen siminti da ake sawa a ƙarƙashi. Rodin da ya kwanta a kan katako zai sha danshi ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Wannan dubawa kafin zubi ita ce wadda ba a wakiltawa, kuma ba a yin ta ta waya.

Bayan zubi sai ban ruwa, aƙalla kwana bakwai. Yanayinmu ba ya yafe sakaci a nan. A watannin Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, a hunturu kuma busasshiyar iska na zuƙe ruwan saman kankare kafin ya kama, sai ka ga tsage-tsage kamar na busasshen tafki. A zuba da sassafe ko da yamma, a rufe da jiƙaƙƙun buhunan algarara ko yashi mai danshi, a sa mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan kuma a biya shi. Tokaran da ke ƙarƙashin rufin kankare (dakin) kada a cire su don kafinta na son kai katakonsa wani aiki. Mako biyu zuwa uku ake bari gwargwadon faɗin ɗakin, sai in sakamakon gwaji ya nuna an kai ƙarfin da ake so.

Ƙasa kuma ba a zato a kanta. Garin Bauchi na zaune kan dutse a wurare da yawa, amma wasu sassan jihar Gombe na da baƙar ƙasa mai kumbura da damina ta tsuke da rani, tana ɗaga tushe tana sauke shi har bango ya tsage. Cikin garin Gombe ga zaizayar ƙasa, inda kwari ke cin gidaje. Ɗauko zanen tushen da aka yi wa wani fili a dasa shi a wani ba tare da gwajin ƙasa ba caca ce. Idan mai gini ya matsa a gina a bakin kwari ko a kan hanyar ruwa, aikinka ka faɗa masa a rubuce cewa wurin bai dace ba.

Masu karatun lantarki, naku lambobin na kaurin waya ne, a murabba'in milimita: 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ko 6 ga manyan kaya irin na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki, gwargwadon lissafin nauyi da nisa. Makatsin wuta waya yake karewa, don haka idan yana yawan faɗuwa ba a canja shi da babba a bar siririyar waya, wannan gayyatar gobara ce. A auna kaurin tagullar da ke cikin waya, kada a dogara da rubutun jikin roba. A kafa sandar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, a gwada ta da na'ura. Yanzu da sola ta shiga kowace unguwa, a sa fis kusa da batir, a ajiye batir inda iska ke shiga. Masu haƙa rijiyar burtsatse kuma su nisanta ta da ramin masai kamar mita 30, su kai ruwan a gwada kafin a ce wa jama'a su sha.

Goro, kara, da matsin mai kuɗi

Jarrabawar da ta fi wuya ba ta zuwa da fuskar mugunta. Ɗan kwangila ne mai fara'a, ya girme ka, wataƙila ya san mahaifinka, ya miƙo ambulan ya ce na mai ne. Ƙa'idar da za ka riƙe: duk wanda kake duba aikinsa, ko kake sa hannu a takardar biyansa, ba ka karɓar komai daga hannunsa, ko kuɗi, ko ragon layya, ko katin waya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mayarwa ba ta buƙatar cin fuska: "Alhaji, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma aikin nan ni ke duba shi, ba zai yiwu in karɓa ba. Ka taya ni da addu'a kawai." Karon farko ne mai nauyi. Daga nan labari zai zaga, masu kawowa su ragu. Idan kuma ɗan'uwanka ko surukinka na cikin masu neman kwangilar da kake cikin kwamitinta, faɗi tun kafin a buɗe takardu, ka fita daga zaman.

Mai gini ma yakan matsa, ba don mugunta ba, don kuɗi sun yi kaɗan. Zai ce a rage rodi, ko a ƙara hawa ɗaya a kan abin da aka zana. Kada ka tsaya a "a'a" kawai, ba shi mafita: a rage girman ginin, a yi shi mataki-mataki, a jinkirta tayil da fenti, amma ƙashin gini ba a taɓa shi. Idan ya ƙi, bi matakai. Faɗa da baki. Rubuta a littafin umarnin filin aiki ka sa a sa hannu. Aika wasiƙa mai kwanan wata ka riƙe kwafi. Ƙi sa hannu a takardar biya. In duk bai yi ba, janye a rubuce, ka sanar da hukumar tsara birane ta jiha da ofishin COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a ƙasa. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa. Lokacin da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, jaridu sun wallafa wasiƙar da injiniyoyin farko suka rubuta tun 2020 suna janyewa daga aikin. Wasiƙar ta nuna matsayinsu, amma aikin bai tsaya ba. Janyewa na wanke sunanka, sanar da hukuma ne ke iya fitar da mutane daga ƙarƙashin gini. Kusa da mu, ranar 12 ga Yuli 2024, ginin wata makaranta ya rufta a Busa Buji ta Jos ɗalibai na cikin aji, mutum 22 suka rasu. A irin wannan rana za ka ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya yi tir da masu tauye mudu, ya kuma ce mai algus ba ya cikinmu. Rage siminti tauye mudu ne.

Laƙabi da hatimi

A garuruwanmu duk mai gyaran janareto ana kiransa injiniya, kuma da ka shiga aji biyu 'yan unguwa za su fara kiranka haka. Amsa gaisuwa ba laifi ba ne. Rubuta laƙabin a gaban sunanka, a kati ko a takardar neman aiki, shi ne doka ta keɓe wa wanda COREN ta yi wa rajista. An kafa hukumar da doka ta 55 ta 1970, kuma tana rajistar rukuni huɗu, daga injiniya har zuwa mai sana'ar hannu, kowa da matsayinsa. Hanyar a bayyane take: digiri daga sashen da hukumar ta amince da shi, hidimar ƙasa, aƙalla shekara huɗu na gogewa a ƙarƙashin mai rajista, rahoton ayyukan da ka yi, sannan ganawa da masu tantancewa. Shiga ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, wadda aka kafa a 1958, tun kana ɗalibi, ka riƙa zuwa tarukan reshen Bauchi ko na Gombe, don a nan za ka samu dattijon da za ka kira ranar da aka matsa maka.

Idan hatimin ya zo hannunka, kada ka buga shi a zanen da ba kai ka yi ba ko ba ka bi lissafinsa layi-layi ba, ko nawa za a biya. Kada ka ba da aronsa, kada ka ba kamfani takardunka ya nemi kwangila da su alhali ba ka aiki a can. Ka kuma san iyakarka: mai lantarki ba ya zana tushen bene, mai gine-gine ba ya tsara haɗin taransifoma. "Wannan ba fannina ba ne, bari in haɗa ka da wanda ya sani" magana ce ta ƙwararre.

Waɗanda suka fi kusa da haɗari su ne leburori, kuma su ne ba su da bakin ƙorafi don kuɗin yini suke nema. Ramin da ya wuce zurfin mita 1.2 a tokare bangonsa ko a kwantar da gefensa, musamman a ƙasa mai yashi ko bayan ruwan sama, kuma a nisanta tarin ƙasar da aka haƙo daga bakinsa. Hular kwano da takalmi a sa kuɗinsu cikin ƙiyasin aiki tun farko. Kafin a taɓa waya, a kashe, a kulle makunnin, mai aikin ya riƙe makullin a aljihunsa, a gwada da na'ura, sannan a tuna janareto ko sola na wani gida na iya maido da wuta ta baya. Yara masu talla da almajirai kan shigo filin gini neman inuwa ko ruwa, don haka a kewaye ramuka da tankunan ruwa, a sa mai gadi ya zagaya kafin a tashi.

Ranar miƙa aiki, ba mai shi zanen abin da aka gina a zahiri, da duk canjin da aka yi, da sakamakon gwaje-gwaje, da takarda mai faɗin hawa nawa tushen zai iya ɗauka da nauyin da wayoyin za su jure. Ka sa ya sa hannu ya karɓa, ka riƙe kwafi ɗaya a wurinka, domin bayan shekara goma wani magajin zai so ɗora bene ko tankin ruwa a kai, kuma wannan takardar ce injiniyan da zai kira zai fara nema.